Marfin Kwalba

An ɗauke wuta a Yantala tun magariba.
Mun baje takardu bisa tabarma,
ni da maigida da fitilar salula,
da kuɗin adashen shekara uku
a cikin gwangwanin madara.

Ga Dakar, ga Agadir, ga Lome.
Kowane hoto yara ne baki har kunne,
suna sulɓi cikin ruwa, suna hawan raƙumi a bakin teku,
kiɗa kuma, in ji takardar, tun safe har dare.
Na ce a kife wannan.
Mutari, da ƙarar injin markaɗen maƙwabta
ke tura shi ƙarƙashin gado har la'asar,
tafin hannu manne da kunne,
ina shi ina kiɗa har dare?

Jiya na je wurin mai sayar da tikiti.
Ya hau lissafa mini taurarin otal.
Na ce malam, ba taurari na zo saye ba.
Sakatar ƙofar ɗakin, a sama take ko a ƙasa?
Daga gado zuwa ruwa taku nawa ne?
Za su dafa farar shinkafa, ba miya, ba albasa,
su zuba a shuɗin kwanon da za mu zo da shi?
In yaro ya zube ƙasa yana kuka mai tsawo,
mutanen wurin tsayawa suke su yi kallo
ko wucewa suke?
Ya ajiye biro, ya dube ni.
Can ya ɗauka, ya rubuta su duka.

Gwaggo Indo ta ce ɓarnar kuɗi ce:
wanda bai ce Inna ba sai da ya shekara shida,
me zai gane a teku?
Likita ta ce otizim, Gwaggo ta ce iska,
ni na ce Mutari,
wanda ke jin motar ubansa tun daga kwanar gidan mai
kafin kowa ya ji.

Ita kuwa babbar, da ba na faɗin sunanta,
shekara goma sha uku tana haƙuri.
Bukukuwa nawa muka baro ba a raba abinci ba?
Ta ce a hankali, Inna, ni dai in ga ruwan
da ba a hango Harobanda a ƙetarensa.
Wannan ma bashi ne a kaina.

Muna cikin haka ya fito,
aljihu cike da marafan kwalba.
Bai dubi kowa ba, kamar kullum.
Ya jera su a gefen tabarma, ja, ja, kore, ja,
ɗaya ya rage a hannunsa.
Ya tsallake raƙuma, ya tsallake jiragen ruwa,
ya ɗora shi kan wani ƙaramin masauki bayan Lome,
ɗaki huɗu, katanga, bishiyar kwakwa.
Maigida ya matso da fitila.
Ba kan teku ya ɗora ba.
A kusurwar hoton akwai famfo,
irin namu sak, yana zuba cikin bokiti.

Muka yi dariya har na share ido da zane.

Saura wata biyu.
Duk Lahadi za mu je bakin kogi
ya taɓa kwalekwale, in ya yarda ya shiga.
Laraba mu tsaya a hanyar filin jirgi
da abin toshe kunne,
ya saba da rugugin tun daga nesa.
Na fara zana masa tafiyar a bayan kalanda:
mota, jirgi, mota, ƙofa, famfo.

Wataƙila mu je ya ƙi fita daga tsakar gidan.
To, sai uban ya kai ta teku,
ni in zauna kusa da bokiti
ina sauraren ruwa biyu,
na kusa da na nesa.

Wuta ta dawo. Fanka ta fara juyi.
Takardun suka tashi duka
ban da wadda marfin ya danne.