Shafukan da Ɓera Ya Ci

Ni Saturnina, ban san baƙi ko ɗaya ba.
Abin da na sani ulu ne, da lokacin haƙar dankali,
da irin shuɗin da tafkin Titikaka kan yi
in ƙanƙara na shirin saukowa.

Jikata Nilda, shekararta tara, tana da in'ina.
A aji kalma kan maƙale mata kamar ƙayar kifi,
yara su tuntsire,
ta dawo gida ta ɓuya cikin tumaki.

Ran nan malaminsu Eusebio ya ba ta aron littafi,
tsoho, ba bango, ruwa ya taɓa shi.
Ya ce, "Karanta wa wanda ba zai gyara miki ba."
To, wa ya fi ni?

Kullum dare, fitila ɗaya tsakaninmu,
ina saƙa, tana jawo kalma
kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi.
In ta tsaya ba na ɗaga kai.
Zaren da aka fizga shi ke tsinkewa.

Labarin yaro ne da iska ta kwashe wa kwalekwale.
Dare bakwai muna bin sa cikin ruwa.
A na takwas muryarta ta sake,
kamar an kwance ɗan maraƙi:
yaron ya iske tsibiri,
da wata tsohuwa mai kitso biyu da tabo a haɓa,
ta saƙa masa jan mayafi
ya tare iska da shi.

Na shafa haɓata. Ban ce uffan ba.

Da safe, bayan ta fita, na buɗe littafin.
Ko jahili ya san aikin ɓera.
Ƙarshen babu, sai sawun haƙori a gefe.

Da ta dawo na ce, "Jiya gyangyaɗi ya sace ni.
Tsohuwar nan, me ta yi daga baya?"
Ta dube ni, na dube ta.
Ta san na sani.
Ta ɗora yatsa inda ba rubutu,
ta ci gaba.

Ranar kasuwar Ilave na sayar da bargo.
Kuɗin sukari ne, amma na sayo
littafin rubutu da fensir biyu.
Mun sha shayi lami har wata ya mutu.

In'inar tana nan, ba ta je ko'ina ba.
Sai dai jiya Eusebio ya tare ni a hanya,
ya ce ta ɗaga hannu da kanta,
ta maƙale sau huɗu, ta ƙi zama,
kuma yaron da ya fi kowa dariya
shi ya ce, "To, sai me ya faru?"

Ɓeran kuwa, na san raminsa, bayan buhun masara.
Tarkon yana rataye a bango.
Jiya ma na ajiye masa ɓawon cuku.