Hantar da Ba Ta Jini

Ƙarfe biyun dare a Rafindadi,
batirin sola na ƙugi a lungu,
daga ni sai wata hanta a kan allo,
ja wur, saƙaƙƙiya da zaren lissafi.
Sau arba'in na yanke ta tun magariba.
Ba wanda ya mutu.
Ba wanda ya kwana a benci yana jan carbi.

Manhajar ba ta da kwaɗo.
Maginanta sun bar ta kamar rijiyar unguwa,
kowa ya zo da gugarsa,
wanda ya ga baki ya zube, ya kwaɓa ƙasa ya liƙe.
Ban san fuskokinsu ba,
na dai san inda kowannensu ya gaji,
domin a nan layinsa ke karkacewa.

Da asuba Baba ya leƙo neman tocila.
Shekara talatin da ɗaya a kwata,
yatsunsa duk tabon wuƙa.
Na miƙa masa sandar da ke mayar da nauyi a hannu.
Ya danna. Ya sake dannawa. Ya yi tsaki.

"Rumasa'u, ƙarya take yi maki.
Wannan ai soson katifa ne.
Hanta ba ta gardama haka,
bin ki take kamar ta yarda,
sannan ta tsage ba sallama."

Kafin azahar sai ga shi da baƙar leda,
hantar rago, da sauran ɗuminta.
Ya kama yatsana ya nutsa.
"Kin ji? To gaya wa injin naki."

Kwana huɗu ina gaya masa.
Lamba ɗaya na rage, wata na ƙara,
har Baba ya danna, bai yi tsaki ba,
ya goge hannu a riga, bisa sabo.

Na aika gyaran.
Wani, a garin da rana ba ta fito ba tukuna,
ya amsa: mun karɓa, sunan wa za mu sa?
Na rubuta: Na'iya Mahauci, Katsina.

"Nawa za su biya?"
"Ko sisi, Baba."
Ya daɗe yana kallon allon.
"Amma masu koyon tiyata za su taɓa ta?"
"Kafin su taɓa mutum."
"To, shi ke nan," in ji shi.
"Kuɗin hantar ragon dai ina bin ki."