Haƙori Ɗaya

A garejin Sallau, bayan Ƙofar Ruwa,
motar Hajiya Tabawa na tari tun hantsi.
Na canja fulogi huɗu, tari na nan.

Sallau ya ajiye shayi, ya kasa kunne.
"Buɗe murfin bel."
Ya juya injin da sifana, sannu,
har fistin farko ya kai ƙololuwa.
Makin sama ya zarce gurbinsa
da haƙori ɗaya tak.

"Mamu ne ya riga liman ruku'u."

Na sassauta bel, na mayar baya,
zagaye biyu da hannu, maki ya hau maki.
Murɗa makulli ɗaya, ta ɗauka.

Shayinsa ko hucewa bai yi ba.
Kuɗin fulogi kuwa, a wuyana.