Baƙin Ɗan Tunkiya a Morabiya

Daren da ƙanƙara ta rufe garke,
tunkiya fara fat ta haifi ɗa baƙi wuluk.
Bohumil ya ɗaga fitila, ya sake ɗagawa.

Da safe masana suka zo da littattafai.
Ɗaya ya ce jini nono ne da ruwa,
in ya gauraya ya gauraya,
baƙi kan dushe har ya ɓace.
Ɗaya ya ce uwar ce ta ga baƙin kare
tana da ciki, tsoro ya rina ɗan.
Na uku ya zargi ciyawar fadama.

Bohumil bai tanka ba.
Shi ya yanka kakan tunkiyar nan
shekarar ambaliya,
baƙin rago mai karyayyen ƙaho.
Fatar na ƙarƙashin gadonsa.

A gida Zdenka na yanka kabeji,
jan gashi ya sauko mata goshi,
ba nasa ba, ba na uwarta ba,
na kakarsa da ke kwance bayan coci.

Ya shafa kanta da hannu mai warin ulu.
"Ina ya kwana duk shekarun nan?"

Ta ce, "Baba, miya za ta huce."