Gado na Bakwai

Shekara ashirin da shida ina yi wa mutane shimfiɗa,
daga Iddo zuwa Kano, daga Kano zuwa Iddo,
ban taɓa kwanciya a gadon da na gyara ba.
Wurina ɗan benci ne a bakin ƙofar bayi,
da tocila, da makulli mai baki huɗu
wanda ke buɗe kowane ɗaki.

Da la'asar muke ɗagawa.
Ƙarnin ruwan Ikko ya raka mu har Agege,
sannan ya gaji, ya koma gida.
Fataken goro su tura huhu ƙarƙashin kujera,
Lasisi kuku ya ɗora miya a taragon abinci,
yana zagin murhu da Yarbanci,
murhu na rama masa da hayaƙi.

Zanen gado arba'in da takwas nake sa wa hannu,
farare fat, da tambarin reluwe a gefe.
In ɗaya ya ɓata, albashina ne zai amsa.
Ni ta barci na san mutane:
alƙalin da ke kwana da takalminsa,
dillalin Badun mai matashi da jakar kuɗi,
da wata nas, Hansatu, da ba ta runtsawa
sai mun hau gadar Jebba.
Ta ce kukan ƙarfe a kan ruwa ne maganinta.

Wata damina, bayan Mokwa,
mace ta sauka lafiya a ɗaki na uku.
Zane biyu na bayar, aka yanke a albashi.
Uban ya miƙo mini goro ɗaya, ɗan daushe,
na ci rabi a Minna, rabi a Kaduna.

Sai jirgi ya fara makara.
Awa biyu, rabin yini, kwana guda a daji
muna kallon shanu suna wuce mu.
Fanka ta tsaya, famfo ya ƙafe,
masu hali suka koma sama,
sauran suka bi safa.
Zannuwa suka zama ashirin, suka zama tara,
har aka ce kowa ya zo da nasa.
Ran nan muka tarar da takarda a allo.
Ba wanda ya yi masa salla, ba zaman makoki.
Lasisi ya koma Offa da tukunya ɗaya,
sai labarin rasuwarsa na ji a bakin direba.

Yanzu shayi nake sayarwa a Ebute Metta.
Taragona yana bayan katanga,
gwanda ta fito ta tagar ɗaki na uku,
kaji sun gaje taragon abinci.

Daren Talata, bayan ruwa ya ɗauke,
na ba mai gadi biredi da kofi ɗaya,
na shiga.
Makullin bai manta ni ba.
Na kakkaɓe gado na bakwai, na Hansatu,
na cire hula, na miƙe ƙafa
kamar mai tikitin faskila.

Barci ya ƙi.
Janareton maƙwabta na ta tari,
kwandastan danfo na kiran Oyingbo,
sauro ya zo duba tikiti.
Ashe ba katifa ke sa su barci ba,
jijjigar ce, da sanin cewa wani yana farke
a kan benci, yana ƙirga tashoshi.

Na ƙirga wa kaina: Abeokuta, Badun, Oshogbo, Ilori.
Ban kai Jebba ba na tashi.
Na shafe gadon da tafin hannu,
na ja kusurwar zanen da babu,
na koma bencina a bakin ƙofar bayi.
A nan ladan ya same ni,
tocila a cinya, ina minshari.