Munduwar Hagu

Shekara arba'in ina zaune a wannan lungu
na kasuwar Nizwa, bayan masu dabino,
ni Khalfan ɗan Sulayyim, da baƙin dutsena,
da 'yar kwalbar gwaji, da sikelin da na gada.
Ido ya fara hazo, haƙora sun yi sallama,
kunne kaɗai ya ƙi tsufa.

Jefo mini tsohon riyal kan kanta, in faɗa maka.
Na gaske dogon numfashi gare shi,
yana ta kuka bayan ya daina rawa.
Kashi biyar cikin shida azurfa ce,
ɗayan jan ƙarfe, don ya jure hannun mutane.
Na jabu kuwa tari ɗaya yake yi, ya yi shiru.

Ranar Juma'a, da kasuwar awaki ta watse,
Zuwaina 'yar Hamud ta zo da ƙunshi a tsumma.
Uwarta ta cika arba'in a ƙasa,
rufin ɗakinsu kuma yana yoyo.
Mundaye biyu ne na ƙafa, masu kauri,
riyal talatin aka narkar wa kowacce, in ji ta.

Na goga ta dama a dutse, na ɗiga ruwa.
Zanen ya yi fari kamar nonon safe.
Na goga ta hagu.
Ya yi kore shar, kamar gansakuka a bakin rijiya.

Nauyinsu ɗaya. Sau uku na auna.

"To an cuci babana," ta ce, tana naɗe tsumma,
"ya biya kuɗin biyu, aka ba shi ɗaya da rabi."
Ban amsa ba. Na juya cikin munduwar ga haske,
sai ga ɗigo uku, tambarin mahaifina,
ga wasu ukun kuma a gefe, an sake bugawa.
Tsoho ba ya buga tambari sau biyu
sai abu ya koma wuta.

Nan na tuna shekarar da magudanar ruwa ta ƙafe,
dabino ya zube tun yana ɗanye.
Ina yaro, ni ke kan zugazugi.
Wata mata ta zo bayan isha'i, tana ɗingishi
don ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nauyi.
Ta ce: "Cire abin da zai ciru,
ka cike da jan ƙarfe, ka wanke mata fuska.
Kada mai gidan ya gane, kunya za ta kashe shi."

Buhun shinkafa huɗu aka saya da abin da ya fita.

Zuwaina ta ƙirga da yatsu, ta kai shekara biyar.
Ta ce ta tuna wata shinkafa ba nama,
uwarsu tana cewa ita ta ci a maƙwabta.

Gahawa ta huce a tsakaninmu.

Na saya ta dama, na biya yadda kasuwa ta ce.
Ta hagu ta mayar cikin tsumma, ta ɗaure sau biyu.
Na ce, "Wannan ba ta kai rabin kuɗi ba."
Ta ce, "Na ji."
Ta bi ta wajen masu lubban, ba ta waiwayo ba.
Ni kuma na ɗauko ruwa, na wanke dutsena.