Warin Takalmi

Ran Asabar na faɗa silima a Surulere,
ba don fim ba, ruwan Ikko ne ya tsare hanya.
Gugguru a cinya, sanyin na'ura har ƙashi,
aka kashe fitilu, allo ya soma haskawa.

Ga ɗan sandan ciki, dogo, gemu ya manta da aska,
matarsa na kwashe kaya, bai ko ɗaga kai ba.
Bangonsa duk hotuna, an soke su da allura,
jan zare na bi daga fuska zuwa fuska
kamar gizo-gizo ya sha jini yana saƙawa.

Na kusa da ni suka ce, "Kai, wannan gwani ne!"
Ni kuwa gugguru ta ƙi haɗiyuwa.

Na san irin mutumin nan. Shi ya haife ni.
Sufeto Maikano, barikin Obalende, hawa na uku,
ɗaki ɗaya da baranda, mu shida har da risho.
Ba shi da bangon hotuna, namu bangon gumi yake da damina.
Littafi gare shi mai ganye arba'in, irin na 'yan firamare,
a naɗe cikin leda, ƙarƙashin matashi yake kwana,
kunnensa a kai, kamar mai jiran a yi masa raɗa,
har asuba ta zo yana juyawa.

Mata biyar cikin damina biyu.
Morenike mai kifi a Makoko.
Nkiruka 'yar koyon ɗinki. Ejiro. Abosede.
Ta biyar ba wanda ya zo cigiya,
sai ya rubuta mata Mai Koren Ɗankwali.
Duk a gindin gada masunta suka tsamo su,
duk ƙafar hagu ba takalmi,
shi kuwa ruwa ba ya shaida, ko za ka mutu kana tambayawa.

A fim jarumi na shan sigari a duhu, kiɗa na rakiya.
A gidanmu ba kiɗa.
Ranar saukata ya iso an tashi,
taɓon Ebute Metta har gwiwa.
A danfo ba ya kallon fuska, ƙafafun mutane yake bi.
Wani dare ya ce, "Morenike, miƙo min ruwa,"
da ni yake.
Inna ta ajiye ludayi a hankali,
tuwon ya huce ba mai taɓawa.

Oga ya ce a rufe fayil, gari ya yi yawa da sababbin gawa.
Ya sara, ya ce to.
Ya yi ritaya, muka koma Agege,
amma duk Laraba yana Oshodi wajen masu gyaran takalmi:
"Ko akwai wanda ke kawo muku warin hagu kaɗai?"
Su yi dariya, su ba shi benci,
har suka saba da zuwansa kamar kuɗin wuta,
wata bai taɓa ƙetarewa.

Awa biyu saura kwata, fim ya kama nasa.
A saman bene, da bindiga, da tsawa.
Makashin har zama ya yi ya faɗi dalili,
aka tafa, wata a bayana tana guɗa.
Ashe a allo mugu ma na da kirki,
yakan tsaya a yi masa tambaya, yana amsawa.

Baba yanzu ya kan yi la'asar sau biyu don mantuwa.
Sunana ya sulluɓe masa tun bara.
Amma biyar ɗin nan na nan daram,
yana jan su da yatsa bayan sallama,
ɗaya, biyu, har Mai Koren Ɗankwali,
sai ya dube ni ko na zo da labari.
In ce, "Tukuna, Baba." Ya ce, "To, ana dubawa."

Na fito, ruwa ya ɗauke, Ojuelegba ta cika da oda.
A kwata, tsakanin ledoji da bawon lemo,
warin silifa na tafe shi kaɗai, na mace, ja.
'Yan kwandasta na kiran Agege, Agege,
mota ta cika ta bar ni
a durƙushe bakin kwata da jakata,
ko na hagu ne, nake dubawa.